Karatun Aikin Kula da Jin Daɗin Jama'a a Jami'a da Kundin Binciken Shekarar Ƙarshe

Gabatarwa

A kowace shekara, idan karatun jami'o'i ya doshi ƙarshe, akan ga samari da 'yan mata sun shigo ƙauyukanmu ɗauke da jakar takardu da wasiƙa mai hatimin makaranta, suna neman izinin dagaci ko mai unguwa domin su yi wa jama'a tambayoyi. A wasu garuruwan akan karɓe su hannu bibbiyu bisa zaton tallafi suka kawo, a wasu kuma akan yi musu kallon 'yan leƙen asiri ko masu shirin ɗora haraji. Duka zaton biyu kuskure ne. Waɗannan ɗalibai ne da ke haɗa kundin binciken da jami'a ta wajabta musu kafin ta ba su digiri, kuma daga cikinsu akwai masu karatun aikin kula da jin daɗin jama'a, waɗanda bincikensu ya fi na kowa taɓa sirrin gida da rayuwar talaka.

Mun shirya wannan bayani ne domin iyayen da ke son 'ya'yansu su bi wannan layi, da masu riƙe da sarautun gargajiya, da kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi waɗanda wasiƙun ɗaliban kan fara sauka a teburinsu.

Mene Ne Wannan Aiki?

Aikin kula da jin daɗin jama'a sana'a ce ta taimakon mutum ko iyali ko al'umma a kan matsalar da ta fi ƙarfinsu, ta hanyar bin diddigin matsalar, da sulhu, da ba da shawara, da haɗa mabuƙaci da hukumar da ke da alhakin share masa hawaye. Jami'in da ke wannan aiki shi ne ake samu a ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma yana sauraron ƙarar matar da aka bar ta da 'ya'ya babu ciyarwa. Shi ne kuma ke rubuta wa kotu rahoto a kan yaron da aka kama da laifi, ya bincika gidan da ke neman riƙon jaririn da aka tsinta, ya nemo dangin majiyyacin da aka gudu aka bari a asibiti.

Taimakon juna ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Zumunci da gayya da adashi da riƙon marayu da zakka da waƙafi da sulhun dattawa duk sun girmi kowace jami'a a ƙasar nan. Abin da karatun zamani ya ƙara shi ne tsari: a rubuta matsala, a bi ta har ƙarshe, a san dokar da ta shafe ta, a kuma riƙe sirrin mai ita ko da wane ne ya tambaya.

Taƙaitaccen Tarihi

A matsayin sana'ar da ake koyo, aikin ya tsiro ne a Ingila da Amurka. A 1869 aka kafa wata ƙungiyar tsara ayyukan agaji a birnin Landan, a 1889 Jane Addams ta buɗe gidan Hull House a unguwar talakawa ta Chicago, sannan a 1898 aka fara kwas na horar da masu wannan aiki a New York. Littafin Mary Richmond na 1917 shi ya kafa ƙa'idar cewa sai an tattara hujja a kan halin da mutum yake ciki kafin a yanke irin taimakon da ya dace da shi. Tun daga nan bincike ya zama ƙashin bayan sana'ar.

A Nijeriya, gwamnatin mulkin mallaka ta fara aikin a Legas lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sakamakon yawaitar yara masu gararamba a tituna. Wani Bature mai suna Donald Faulkner ne ya jagorance shi, aka kuma yi dokar yara da matasa a 1943, wadda Jihar Arewa ta yi irin tata a 1958. Gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 12 a 1974 kan raya jin daɗin jama'a, a 1975 kuma ma'aikatan suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta fara koyar da fannin a 1976, ya kuma zama sashe mai cin gashin kansa a can a 2006. Sai a watan Disamba na 2022 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da aka ɗora wa alhakin yi wa masu sana'ar rajista da sa ido a kan aikinsu. Kafin wannan doka, kusan duk wanda aka ajiye a ofishin yana iya kiran kansa ma'aikacin jin daɗin jama'a, ko ya karanta fannin ko bai karanta ba.

Inda Ake Karatun da Hanyar Shiga

Jami'o'in Nsukka da Benin da Ibadan da Kalaba suna cikin waɗanda aka sani da fannin a Kudu. A Arewa akwai Jami'ar Ilorin da Jami'ar Tarayya ta Lafiya, Jami'ar Jos ma ta daɗe tana koyar da shi, yayin da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ke ba da difloma a fannin raya jin daɗin jama'a. Dole mu faɗi gaskiya cewa wuraren karatun sun yi ƙaranci a yankinmu idan aka dubi girman buƙata, shi ya sa da yawa daga cikin jami'anmu ilimin zamantakewar al'umma suka karanta, wanda ɗan'uwa ne ga wannan fanni amma ba ɗaya suke ba. Kafin a biya ko sisi, wajibi ne a tabbatar cewa hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta amince da kwas ɗin a jami'ar da aka zaɓa.

Hanyar shiga biyu ce. Ta farko ita ce jarrabawar JAMB ga wanda ya gama sakandare da kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba. Wannan galibi shekara huɗu yake yi. Ta biyu ita ce shiga kai tsaye zuwa aji biyu ga mai difloma ko NCE ko IJMB, wanda galibi shekara uku yake yi, kuma ita ce ta fi dacewa da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke son ƙaro ilimi. Darussan da ake zaɓa a JAMB sukan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka a duba littafin bayanin hukumar na shekarar da ake ciki. Game da kuɗi, baya ga hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da dokar 2024 ta tanada ga ɗaliban makarantun gwamnati.

A shekarun farko ɗalibi yakan karanta ilimin zamantakewa, da halayyar ɗan'adam tun daga haihuwa har tsufa, da tarihin sana'ar da ladubbanta. Daga nan sai dabarun aiki da mutum ɗaya, da rukuni, da al'umma baki ɗaya, tare da dokokin da zai yi aiki da su, irin su dokar haƙƙin yara ta 2003, da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da dokar gidajen gyaran hali ta 2019 wadda ta ba da damar hukuncin da ba na ɗauri ba. Akan kuma tura shi koyon sanin makamar aiki a asibiti ko gidan marayu ko gidan horon yara ko ofishin jin daɗin jama'a. Iyaye su sani cewa akwai ƙididdiga a cikin karatun; wanda ya gudo nan domin tsoron lissafi zai tarar da shi yana jiran sa a aji uku.

Ma'anar Digiri Mai Daraja

A jikin takardar shaidar digiri akan ga kalmar nan ta Turanci, Honours. Kada a rikita ta da digirin girmamawa da jami'o'i kan bai wa sarakuna da attajirai a ranar bikin yaye ɗalibai; wancan kyauta ce, wannan kuwa gumi ne. A mafi yawan jami'o'inmu ana auna ƙwazon ɗalibi a kan ma'auni mai maki 5. Wanda ya tashi da 4.50 zuwa 5.00 ya sami daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama, 1.50 zuwa 2.39 kuma daraja ta uku.

Tsarin ya sha bamban a wasu ƙasashe, kuma yana da kyau mai neman karatu a waje ya san haka. A Ostireliya, alal misali, digirin wannan fanni shekara huɗu ne tare da awa 1,000 na koyon aiki, kuma a jami'o'i da dama ɗaliban da suka yi fice ne kawai ake ɗauka a layin da ake rubuta babban kundin bincike. A Nijeriya kuwa ba a zaɓe: kowane ɗalibin ajin ƙarshe sai ya rubuta kundi, kuma nauyin makinsa yakan kai na darussa biyu ko uku, har yana iya ɗaga darajar digiri ko ya sauke ta.

Yadda Ake Haɗa Kundin

Aikin yakan fara da zaɓen batu, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Yaro zai zo da take kamar "matsalar mutuwar aure a Arewacin Nijeriya", abin da ko hukuma mai motoci da ma'aikata ba za ta iya gamawa a shekara ɗaya ba. Malamin da aka naɗa ya duba aikinsa zai yi ta sassaƙe taken har ya koma tambaya ɗaya da za a iya amsawa, misali: a cikin matan da kotu ta yanke wa tsofaffin mazajensu kuɗin ciyar da 'ya'ya a gunduma kaza, nawa ne ke samun kuɗin a kan kari, kuma me ke hana sauran samu? Tambaya irin wannan tana da iyaka, tana da mutanen da za a je a samu, amsarta kuma tana iya yi wa alƙali da jami'in jin daɗin jama'a amfani gobe da safe.

Bisa al'ada kundin babi biyar ne. Na farko yana bayyana matsalar da manufar binciken, na biyu yana bitar abin da magabata suka rubuta, na uku yana faɗin hanyar da aka bi, na huɗu yana baje abin da aka samo, na biyar kuma yana kawo sakamako da shawarwari. Babi na uku shi ne ya fi shafar jama'ar karkara, domin a cikinsa ake yanke wa za a tambaya da yadda za a tambaye shi.

Ɗalibi ba zai iya zagaya kowane gida ba, sai ya ɗebi samfuri, kamar yadda mai sayen gero kan cusa hannu cikin buhu ya ɗebo kaɗan ya duba. Bisa wata ƙa'idar lissafi da ɗalibai suka fi amfani da ita, wadda Taro Yamane ya kawo a littafinsa na 1967, idan gari yana da magidanta 1,000, ana buƙatar a tambayi kimanin 286. Sai dai yawan ba shi kaɗai ne abin lura ba. Idan mai sayen geron nan daga bakin buhu kawai ya ɗiba, ba zai san tsakuwar da ke ƙasa ba. Haka nan idan mai unguwa, don kyautatawa, ya tara wa ɗalibi 'yan'uwansa da masu hannu da shuni, aka bar rugar da ke bayan gari da gidajen zawarawa da na masu lalurar nakasa, to binciken ya lalace tun kafin a fara, ko da an cika takarda dubu.

Hanyoyin tattara bayani sun haɗa da takardar tambayoyi, da hira mai zurfi da mutum ɗaya, da tattaunawa da rukunin mutane kamar shida zuwa goma, da duba rajistar ofis ko ta asibiti. A ƙauyen da mafi yawan mutane ba sa karatun boko, takardar da aka rubuta da Turanci ba ta da amfani sai an mayar da ita Hausa ko Fulfulde, an karanta wa mutum ita a hankali. Matan aure kuma sun fi sakin jiki da mace 'yar'uwarsu a cikin gida. Lokaci ma yana da tasiri: wanda ya zo da hantsi a tsakiyar damina zai tarar da tsofaffi da yara ne kawai, ranar kasuwa kuwa ba zai tarar da kowa ba.

Bayan an tattara bayanan, akan tace su da kwamfuta, a rubuta, sannan ɗalibi ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa. Jami'a takan gayyato malami daga wata jami'ar domin ya duba kundayen da makin da aka bayar.

Ba za mu ɓoye wata ɓarna da ta zama ruwan dare ba. Akwai ɗaliban da ke sayen tsohon kundi a shagunan buga takardu ko su sauko da shi daga intanet su canza sunan gari, akwai masu zama a ƙarƙashin bishiya su cike takardun tambayoyi da hannunsu, yanzu kuma an ƙara da masu sa manhajar kwamfuta ta rubuta musu. A kowane fanni wannan laifi ne da kan kai ga soke aiki ko kora, amma a wannan fanni illarsa ta fi muni, domin wanda ya saba ƙirƙiro amsar mutanen da bai gani ba shi ne gobe zai rubuta wa kotu rahoto a kan gidan da bai taka ba, a kuma yanke makomar yaro da wannan rahoto. Uban da ya ba ɗansa kuɗin sayen kundi ya san abin da ya saya.

Haƙƙin Wanda Ake Yi wa Tambaya

Wajibi ne ɗalibi ya faɗi sunansa da makarantarsa da manufar bincikensa, ya kuma nemi yardar mutum kafin ya fara. Izinin dagaci yana buɗe ƙofar gari ne kawai, izinin maigida kuma yana buɗe ƙofar gida. Ita matar da za a yi hira da ita sai an nemi tata yardar daban. Yaro sai da izinin mahaifi ko mai riƙonsa, shi ma kuma a tambaye shi ko yana so. Kowa yana da ikon ƙin amsa wata tambaya, ko ya tashi a tsakiyar hira, ba tare da wani abu ya biyo baya ba. Ba a naɗar murya ko ɗaukar hoto sai an faɗa, ba a kuma sa sunan mutum a cikin kundi. Binciken da ya shafi lafiya yakan buƙaci amincewar kwamitin ladubban bincike, bisa ƙa'idar ƙasa ta 2007, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan duk mai tattara bayanan mutane.

Muna jan hankalin jama'a da babbar murya a kan abu ɗaya. Binciken ɗalibi ba rajistar tallafi ba ne, kuma ba shi da alaƙa da rajistar masu ƙaramin ƙarfi da gwamnati ke yi. Ɗalibi na gaskiya ba ya karɓar kuɗi, ba ya neman lambar BVN ko lambar asusun banki ko lambar sirrin katin cirar kuɗi. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan da sunan bincike, a sanar da dagaci da jami'an tsaro. Haka kuma wanda ya zuzuta talaucinsa da fatan a sa shi cikin jerin masu samun taimako bai sami komai ba, sai dai ya gurɓata sakamakon da wata rana za a iya yin aiki da shi a garinsu.

Abin da Ake Buƙata Daga Hukumomi da Masu Sarauta

Idan wasiƙar ɗalibi ta iso sakatariya, a duba katin shaidarsa, a rubuta sunansa da taken bincikensa a rajista, a haɗa shi da jami'in jin daɗin jama'a, sannan a ba shi takarda zuwa ga hakimi. Idan ya nemi alƙaluma daga fayilolin ofis, a ba shi jimilla, kamar yawan ƙararrakin ciyarwa da aka karɓa a shekara, amma kada a miƙa masa fayil mai ɗauke da sunayen mutane. Mai unguwa ya gabatar da shi ga jama'a, ya ba shi ɗan rakiya idan da hali, sannan ya ja gefe. Matar da ake tambaya ko an taɓa yi mata rashin adalci a wurin sulhu ba za ta buɗe baki ba muddin mai sulhun yana zaune a kan tabarmar.

Akwai kuma wata asara da ta daɗe tana damun mu. Kundaye masu yawa da aka rubuta a kan almajirci da shaye-shaye da yoyon fitsari da 'yan gudun hijira a garuruwanmu suna jibge a ɗakunan karatu na jami'o'i, ƙura ta rufe su, alhali ƙananan hukumomin da aka yi binciken a cikinsu suna tsara kasafin kuɗi da ƙiyasi. Rahoton binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64, wato kimanin mutum miliyan 14.3, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi. Wannan adadi ba zai gaya wa shugaban ƙaramar hukuma wace unguwa ce abin ya fi ƙamari ba, ko me ya sa samarin da aka sallamo daga wurin gyaran hali ke komawa ruwa. Kundin ɗalibi ɗaya mai gaskiya yana iya ba da haske a kan haka, ko da yake ƙaramin aiki ne na mai koyo, kuma bai kamata a ɗauki sakamakon gunduma ɗaya a shafa wa jiha baki ɗaya ba. Shawararmu ita ce kowace ƙaramar hukuma ta sa sharaɗi tun ranar ba da izini cewa ɗalibi zai kawo kwafi ɗaya na kundin, tare da taƙaitawa ta shafi ɗaya ko biyu da Hausa wadda za a karanta a fadar hakimi. Jami'an jin daɗin jama'a kuma suna iya rubuta tambayoyin da ke ci musu tuwo a ƙwarya su aika wa sassan jami'o'i, domin ɗalibai da yawa batun bincike suke nema ido rufe.

Bayan Kammalawa

Wanda ya gama karatun cikakken lokaci bai haura shekara 30 ba yakan tafi hidimar ƙasa ta shekara ɗaya. A aikin gwamnati mai digiri yakan fara ne daga mataki na 08. Wuraren da ke buƙatar masu wannan ilimi sun haɗa da ma'aikatun harkokin mata da jin daɗin jama'a, da kotuna, da gidajen gyaran hali, da hukumomin NDLEA da NAPTIP, da hukumomin zakka da waƙafi, da asibitocin masu taɓin hankali irin na Kaduna da Kware da Maiduguri, da cibiyoyin yoyon fitsari irin na Babbar Ruga a Katsina da Ningi a Bauchi, da ƙungiyoyin agaji. Digirin ba ya lamunce wa kowa aiki, albashin gwamnati a wannan layi kuma ba mai yawa ba ne. Mai son digiri na biyu galibi yana buƙatar aƙalla daraja ta biyu ƙarama, mai son koyarwa a jami'a kuwa daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, kuma a wurin tantancewa akan tambaye shi abin da ya bincika a kundinsa da yadda ya bincika shi.

Mai neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarsa, ko ofishin JAMB na jiha, ko hukumar ba da tallafin karatu a ranakun aiki.